Takalmin birkin baya yana cinyewa gefe ɗaya: fin ɗin kalifa da irin giris ɗin da ya dace da su

Wani malamin makaranta da ke zaune a Tumfure ya aiko da tambaya a kan motarsa, Honda Accord ƙirar 2006. Sau biyu ke nan cikin wata bakwai yana canza takalmin birkin baya, kuma kullum na tayar hagu ne ke ƙarewa. Na ciki ya cinye har ƙarfe, na waje kuwa kamar jiya aka sa shi. Idan ya gangaro cikin gari da safe ya tsaya, yakan ji ƙauri daga wannan tayar, rim ɗin ba ya taɓuwa don zafi. Mai yi masa gyara ya ce takalman yanzu ne ba su da kyau. A zuwa na biyu ya zare fin ɗin kalifa (kalifa ita ce ƙarfen da ke matse takalman birki, fin kuma ƙarafan da take zamewa a kansu), ya lafta musu giris daga gwangwanin da ke gefensa. Abin ya lafa na 'yan makonni, ya dawo. Yana so ya sani: laifin takalmi ne, ko kalifar ce ta mutu ya sayi wata?

Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ka fara cire takalmi daga cikin waɗanda ake tuhuma. Takalma huɗu ne suka fito daga kwali ɗaya, aka sa biyu dama biyu hagu. Da rashin inganci ne, da duk huɗun sun cinye tare. Tunda guda ɗaya ne ke ƙarewa, kuma a wuri ɗaya har sau biyu, to wurin ne ke da ciwo. Kada kuma ka yi gaggawar sayen kalifa. A cikin bayaninka akwai abin da ya fi komai jan hankalina: an shafa giris, abin ya yi sauƙi, sannan ya dawo. Wannan ya nuna fin ɗin ne, kuma ina kyautata zaton giris ɗin da aka shafa shi ne ya dawo da cutar.

Kalifar motarka fistin ɗaya gare ta, yana ta ɓangaren ciki. Ka taka birki, man birki ya turo fistin, fistin ya danna takalmin ciki a jikin faifai, wato farantin ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Takalmin waje ba shi da mai tura shi. Ƙarfin man da ya turo fistin gaba shi ne kuma yake tura gidan kalifar baya, sai gidan ya zame zuwa ciki, yatsunsa da suka zagayo ta bayan faifan su jawo takalmin waje. Da haka faifan ke shiga tsaka mai wuya, ana matse shi ta fuska biyu daidai wa daida. Wannan zamewa a kan wasu ƙarafa biyu take, kowane bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, suna shiga ramuka a jikin biraket, wato ƙarfen da aka ɗaure da ƙafar mota. Su ne fin. A bakin kowane rami akwai 'yar roba mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke tsare giris a ciki, ta tsare ruwa da ƙura a waje.

Idan fin biyun suka cije, gidan kalifa ya daina motsi, aiki ya koma kan takalmin ciki shi kaɗai, shi ne abin da ka gani. Idan ɗaya ne ya cije, kalifa takan karkace, takalmi ya cinye a karkace, bakinsa ɗaya da kauri ɗaya siriri. Wani lokaci kuma fin yakan yarda ya tafi idan an taka da ƙarfi, amma ya ƙi komawa idan an saki, sai takalmi ya yi ta gogar faifai kana tafiya. Daga nan zafi da ƙauri ke fitowa, mota ta yi nauyi, ta ƙara shan fetur ba ka san dalili ba.

Na baya ya fi na gaba saurin cijewa. Yawancin aikin tsayar da mota na gaba ne ke yi, don haka takalmin baya yakan daɗe, a yi shekara biyu ko uku ba wanda ya buɗe wurin. Ga shi duk abin da tayoyin gaba suka watso, a kan na baya yake sauka. Kai ma ka san yadda Gombe take da damina: ruwa ya sauko daga tudu ya kwaso yashi ya shimfiɗa a kan kwalta, mu bi ta ciki. Rani ya zo, ƙurar hunturu ta karɓa. Sannan yaran wankin mota su saita bakin injin feshi daidai cikin rim. Muddin robar nan lafiya take, duk wannan ba ya kaiwa ga fin. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsaga kamar ta bakin allura ta isa ruwa ya shiga, ya haɗu da giris ya zama taɓo, tsatsa ta biyo baya.

To ga inda na fi so ka tsaya da kyau, don nan ne yawancinmu masu gyara muke kuskure. Giris ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke cikin gwangwani a kowane gareji, na boris da na shaf, daga man fetur aka yi shi. Robobin birki kuwa galibi da wata roba ake yin su mai suna EPDM, wadda aka zaɓa saboda tana jure zafi, tana jure man birki. Rauninta guda ne: ba ta shiri da duk abin da ya fito daga man fetur. Ta haɗu da giris na boris, ko baƙin mai, ko kananzir, sai ta sha shi ta kumbura ta yi laushi. Robar bakin rami ta saki wurin da take kamawa, ƙofa ta buɗe. A motoci da yawa, musamman Toyota, ɗaya daga cikin fin ɗin yana da ɗan zoben roba kusa da bakinsa don hana kalifa ƙara a kan gargada. Wannan zoben idan ya kumbura cikin rami, riƙe fin yake yi kamar an buga shi da guduma. Ga kuma zafi: giris na gama-gari idan ya sha zafin birki, mansa yakan tsiyaye ya bar wani abu kamar busasshen sabulu. Ranar farko fin zai yi santsi, mai mota ya tafi yana godiya. Wata ɗaya ko biyu, an koma gidan jiya, har ma ya fi da.

Wata damina an kawo mini Sharon ta haya da ta taso daga hanyar Yola. Direban ya ce tun daga Kaltungo yake jin motar tana ja masa baya, da ya zo Kumo fasinja suka ce hayaƙi na fita ta tayar baya. Da muka cire tayar, faifan ya yi shuɗi-shuɗi don ƙuna. Na kama robar fin na sama da yatsa biyu, sai ta taho hannuna, ta kumbura ta yi lagwaf kamar burodin da aka tsoma a shayi. Na ƙasa kuwa sai da muka kwance biraket ɗin gaba ɗaya muka ɗaure a bais kafin ya yarda ya juya, da ya fito jan ruwan tsatsa ne ya biyo shi. Sati shida kafin nan aka canza masa takalmi a wani wuri, kuma wanda ya yi aikin da kyakkyawar niyya ya cika ramukan da baƙin giris. Wannan mota mutum nawa ta ɗauko? Shi ya sa ba na ɗaukar zancen giris ɗin nan da wasa.

Abin da ake sa wa fin shi ne giris ɗin silikon na birki, ko wanda aka yi da gilaikol, wato dangin sinadarin man birki. Littafin gyaran Honda silikon ya ce a sa. Toyota suna da nasu mai launin ruwan hoda, na gilaikol. Akwai TRW PFG110, akwai Sil-Glyde. Kowanne ka samu, ka karanta jikinsa ka ga an rubuta cewa na fin ɗin kalifa ne kuma ba ya cutar da roba. Ka yi hattara da abu ɗaya: a nan idan ka ce wa mai shago silikon, gam ɗin da ake liƙe gasket da shi zai miƙo maka. Wancan bushewa yake yi ya zama roba, idan ya shiga ramin fin an gama da biraket ɗin sai an sha wahala. Giris ɗin silikon ba ya bushewa, yana nan da santsinsa kamar man shafawa mai kauri. Shi ma mai ruwan tagulla da wasu ke shafawa a noti, ba na fin ba ne. Idan ba ka samu na ƙwarai a shagunan cikin gari ba, ka sa a taho maka da shi daga Kano ko Jos. Ƙaramin tub ɗaya zai yi maka shekaru. Ni a wurina, fin ɗin da ke motsi lafiya da tsohon giris ɗinsa na kamfani, gara a bar shi a rufe har a samo na daidai. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Naka dai an riga an sa masa wanda bai dace ba, don haka wanki ya zama dole, kuma ka sayi sababbin robobin fin tun kafin a buɗe, domin robar da ta sha mai ba ta komawa yadda take.

Ga yadda aikin yake, ko kai za ka yi ko za ka tsaya a kan mai yi. A ajiye mota a wuri mai daidai, giya a P, a sa wa tayoyin gaba waigi, sannan a saki hambirki, domin a motarka kalifar baya ita ce ke riƙe hambirki, idan yana ɗage ba za ta fita ba. A ɗaga da jak, a tokare da ƙarfen tokara ko katako mai kauri. Bulon siminti yana fashewa ba sallama, kada a yarda da shi. Kafin a kwance komai, a juya faifan da hannu a ji ko yana kamawa. Noti biyu ne ke riƙe da kalifa a kan fin. Idan fin yana juyawa tare da noti, a riƙe shi da wata sifana, kada a bari ya murɗe robar. Kalifa ta fita, a rataye ta da waya, kada a bar nauyinta a kan tiyon birki.

Yanzu ka sa yatsa biyu ka ja kowane fin, ka tura shi. Mai lafiya yana shiga yana fita sumul, da ɗan nauyin giris, yana juyawa ba gardama. Wanda sai an sa filaya, ya riga ya ba ka amsa. A zare su ɗaya bayan ɗaya, a gama da na sama a mayar kafin a taɓa na ƙasa, saboda sau da yawa ba iri ɗaya ba ne: wani yana da zoben roba, wani an ɗan fere gefensa, kowanne da raminsa. Wanda ya ƙi fita, a kwance biraket a ɗaure a bais, a cire robar, a zuba man warware tsatsa a ba shi lokaci, a riƙa juya shi kaɗan-kaɗan dama da hagu ana ja. Gaggawa ke karya kan fin a cikin rami.

Wanki shi ne rabin aikin, kuma ramin ya fi fin ɗin buƙata. Mutane sukan goge fin ya yi ƙyalli, su mayar da shi cikin ramin da ke cike da tsohon taɓo. A fesa maganin wankin birki a ciki, a naɗa tsumma mai tsabta a jikin siririn ƙarfe a yi ta juyawa, ana canza tsumman har ya fito fari. Idan akwai tsatsa a ciki, a bi da ƙaramin buroshin waya mai zagaye, a sake wankewa. Idan ba abin wanki sai fetur, to a cire duk wata roba tukuna, a bar ƙarfen ya bushe ƙarau. Roba kuwa ruwa da sabulu sun ishe ta. Shi fin yana da wani siririn shafe na kamfani da ke kare shi daga tsatsa, samfefa mai kaushi kankare shi take yi, tsatsar ta dawo da sauri fiye da da. Tabo kaɗan a bi shi da mai laushi sosai. Idan tsatsa ta ci jikinsa ta yi ramuka, ko ya lanƙwashe, ko ya sirance yana girgiɗi a rami, a canza. Biraket ɗin Beljiyam da fin ɗinsa ya fi kalifa sukutum araha nesa ba kusa ba, sai dai shi ma a wanke shi a sa masa sabon giris.

Wajen shafawa, kaɗan ake so. A shafe jikin fin ya yi sheƙi ko'ina, a ɗan taɓa cikin robar, shi ke nan. Kada a cusa giris a ƙasan rami, kada a tara shi a bakin fin. Ramin toshe yake ta can ciki, idan ya cika, fin ba zai kai ƙarshe ba, zai riƙa turowa waje, takalmin ya dinga goga. A tura fin har ƙarshe, a ɗan ɗaga leɓen robar iskar da ta taru ta fita, sannan a tabbata robar ta zauna a tsaginta biyu, na jikin biraket da na wuyan fin. A ja a tura sau uku ko huɗu a ga ba ta zame ba.

Tunda an buɗe, akwai abubuwan da ke kawo irin wannan cuta ko fin lafiya yake, kuma ba zan so ka gyara ɗaya ka bar wani ba. Takalmi yana zama a kan wasu 'yan faranti na ƙarfe a jikin biraket. Tsatsa takan taru a ƙarƙashinsu ta ɗago su, takalmi ya matse. A cire su, a kankare wurin har ƙarfe, a mayar. Takalmin ƙwarai da hannu yake shiga, wanda aka buga da guduma ba zai saki faifai ba. Sai fistin. Na bayan Accord ɗinka ba a matsa shi da ƙarfi kamar na gaba, juya shi ake yi ta hannun dama yana shiga, saboda zaren hambirki da ke cikinsa. Mai sa masa ƙarfen taya ya danna ya lalata wannan zaren. A fuskar fistin akwai tsagi, a bayan takalmin ciki akwai ɗan ƙulli. Dole a tsayar da fistin yadda ƙullin zai faɗa cikin tsagin. Idan ya hau kan tudu, takalmin ciki zai zauna a karkace ya cinye da wuri, kuma wannan kuskure ne da nake yawan gani bayan an canza takalmi. Ka tambayi mai gyaranka ko ya lura da shi. A duba kuma ɗan hannun da wayar hambirki ke ja a bayan kalifa: a ɗaga hambirki a saki, a ga ya koma har matsayarsa. Idan duk wannan lafiya amma taya na kamawa bayan an taka birki, a ɗan sassauta notin fitar da iska da ke jikin kalifa. Taya ta saki nan take, tiyon ne ya toshe ta ciki yana riƙe mai. Ba ta saki ba, fistin ne ya cije, a nan ne zancen gyaran kalifa ko sayen wata zai taso.

Masu sababbin motoci da hambirkinsu maɓalli ne, su kada su bari a taɓa fistin baya sai an sa birkin a yanayin gyara, da kwamfuta ko ta hanyar da kamfanin ya tsara.

Notin fin ƙanana ne, ba sa son ƙarfin tuwo. A ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm, na bayan motarka 23 ne, notin taya kuma 108. Yaro ya sa bututu a sifana ya hau, ko ya tsinke notin ko ya cinye zaren fin. Idan akwai sifana mai auna ɗauri a yi amfani da ita. Duk abin da aka yi wa hagu a yi wa dama, ko da can bai nuna komai ba, kuma takalmi a canza huɗun tare. Iyakar da Honda ta sa wa kaurin takalmi milimita 1.6 ce, ni ba na barin na kowa ya sauka ƙasa da 3. Faifan hagu da ƙarfe ya goga a duba shi: idan ya yi zane mai zurfi, ko ya yi ƙasa da kaurin da aka buga a jikinsa, a canza na hagu da na dama tare. Giris ko ɗigo kada ya taɓa fuskar faifai ko ta takalmi. Ƙurar birki ma kada a hure ta da baki ko da iska, illa ce ga huhu, a share da jiƙaƙƙen tsumma.

Ka canza man birkin ma, tunda tayar ta sha zafi wata da watanni. Man birki nau'in DOT 3 sabo sai zafi ya kai 205 a ma'aunin Salsiyas yake tafasa, wanda ya tsufa ya sha danshi kuwa a 140 ma yana iya tafasa. Mai ya tafasa, ka taka birki ya tafi ƙasa fanko. Kai da kake gangarowa daga Tumfure kowace safiya, ga tireloli, ga 'yan Keke NAPEP, ga 'yan makaranta a bakin hanya, wannan ba abin jira ba ne.

An gama an sauke mota, kafin a sa giya a taka birki sau da yawa har ya yi tauri, a ɗaga hambirki a saki sau biyar ko shida ya daidaita kansa. Ka yi tafiyar kilomita biyar zuwa goma ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da rim na hagu, ka zagaya ka kai kusa da na dama. Kada ka taɓa faifan. Ɗumin ya zo ɗaya, an dace. Bayan wata guda ka sa a cire tayar a leƙa kaurin takalman biyu. Daga nan ka mayar da shi al'ada sau ɗaya a shekara, wajen Oktoba ko Nuwamba idan ruwa ya ɗauke, a zare fin huɗun na baya da huɗun na gaba a duba robobinsu. Motar haya da mai yawan shiga hanyar ƙauye, sau biyu. Idan kuma bayan wannan duka hagu ta ci gaba da fin dama zafi, ka sake aiko mini da abin da aka gani lokacin da aka sassauta notin iska, daga nan za mu san ko tiyo za a saya ko kalifa.